Wa ke durƙusa wa wa? Lacca a kan dawowar bikin Konfushiyas a Chana

(Wannan laccar na kwafo ta ne daga rikodin ɗin da aka naɗa a waya, na bar ta yadda malamin ya faɗa, in banda gaishe-gaishen farko da na rage.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba, iyayenmu mata, 'yan uwa ɗalibai, Allah ya saka da alheri da kuka zo duk da wannan ranar.

Yawancinmu in aka ce Chana abinda ke zuwa mana a rai shi ne Guangzhou da Yiwu, kwantena, waya, sola, babur. To yau ba kasuwa zan kai ku ba, wani ƙaramin gari zan kai ku a lardin Shandong, ana rubuta shi Qufu amma in za ka faɗa sai kace Cufu. Nan ne garin babban malamin hikima na Chana da Turawa suka kira Konfushiyas, su kuma mutanensa suna ce masa Kongzi, wato Malam Kong, don Kong sunan gidansu ne. An haife shi a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rasu a 479. Duk ranar 28 ga Satumba ana yi masa babban biki a can, kuma abinda ya sa na zaɓi maganar nan shi ne, gwamnatin da take shirya bikin yau jam'iyyarta, wato ta Kwaminis, ɗaya ce da wadda matasanta suka je suka farfasa wurin a 1966. To me ya faru a tsakani, kuma me aka dawo da shi, me aka bari a baya?

Bari in fara da abinda idona ya gani lokacin ina karatu a can. An kwashe mu ɗalibai baƙi a bas tun da duhu-duhu, kowa aka rataya masa kati a wuya, aka ba mu wani siririn gyale ruwan ɗorawa, wanda duk baƙon da aka gayyata yake ratayawa. In ba ka da katin nan ba ka shiga, ko da kuwa a bayan katangar aka haife ka. Muka bi ta ƙofa bayan ƙofa, tsakanin wasu tsofaffin itatuwa da aka tokare wasunsu da ƙarfe don kar su faɗi, har muka iso gaban babban zauren da suke kira Dacheng, mai rufin tayil ruwan ɗorawa, da ginshiƙan dutse guda goma a gaba da aka sassaƙa musu dodon nan nasu yana nannaɗe. Aka buga ganga, aka buga ƙararrawa, sai ga matasa cikin manyan riguna sun jeru sahu-sahu, kowa da dogon gashin tsuntsu a hannun dama da 'yar sarewa a hannun hagu, sarewar ma ba busa ta ake ba riƙewa kawai ake, suna ɗagawa suna saukewa a hankali kamar ba sa so ƙura ta tashi. Wallahi abin yana da kwarjini, ko ba ka jin yaren sai jikinka ya yi sanyi. Daga nan sai manyan jami'ai suka fara fitowa cikin kwat, ana ɗauke musu kwandon furanni a gaba, mutum ya matsa ya gyara ƙyallen da ke jikin kwandon, ya ja da baya, ya rusuna sau uku daga tsaye, ya wuce. Wani babba ya karanta takardar yabo. Shikenan aka watse, motoci suka tafi.

Ku riƙe wannan rusunawar daga tsaye, zan dawo kanta.

Kalmar da komai ya rataya a kanta ita ce li. Da wuya ka samu kalmar Hausa ɗaya da za ta ɗauke ta. Ladabi ne, al'ada ce, ƙa'idar zama ce, yadda ɗa zai tsaya gaban uba, yadda za a yi jana'iza da zaman makoki, yadda bafade zai shiga gaban sarki, da yadda shi kansa sarkin zai tsaya gaban abinda ya fi shi. Malam Kong yana cewa in ka tafiyar da mutane da doka da bulala za su kauce wa laifi amma ba za su san kunya ba, in kuwa ka tafiyar da su da halin kirki da li, za su ji kunya su gyara kansu da kansu. Kunga kenan tun asali maganar li maganar mulki ce. Shi yasa wanda zai ce wai gwamnati ce ta zo ta tsoma siyasa a cikin abin, bai karanta tarihin ba. Siyasar tana ciki tun ranar farko.

Ga misali rawar nan da na ce muku. Lissafi ne da ita. Sahu takwas, kowane sahu mutum takwas, 64 kenan, wannan na babban sarki ne shi kaɗai. Sarakunan da ke ƙarƙashinsa sahu shida, manyan fadawa sahu huɗu. A zamanin Malam Kong wani gida mai ƙarfi a ƙasarsu ta Lu, gidan Ji, waɗanda sahu huɗu ne haƙƙinsu, suka sa aka yi musu sahu takwas a tsakar gida. Da labari ya kai masa sai yace in har za a iya haƙuri da wannan, to me kuma ya rage da ba za a haƙura da shi ba? Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, kowa ya san abinda zai faru in wani hakimi ya sa aka busa masa kakaki a ƙofar gidansa.

To da ya rasu, gidansa aka mayar wurin tunawa da shi. A shekara ta 195 kafin Annabi Isa, Liu Bang, wanda ya kafa daular Han, ya biyo ta Qufu ya yi masa babban yanka, sa da tunkiya da alade. Daga nan abin ya zama na fada. A 630 sarkin daular Tang ya ba da umarni a gina masa ɗaki a makarantun gwamnati na kowace gunduma, kuma a ƙarnonin da suka biyo baya duk mai son aikin gwamnati sai ya ci jarrabawa a kan littattafan koyarwarsa. A 1055 aka ba babban jikan gidan sarauta ta gado, sarautar da ta daɗe har 1935. Amma ku lura da kyau, hannun da ya ba da girman nan shi ne kuma yake rage shi in ya ga dama. A 1530 wani sarkin daular Ming, Jiajing, ya cire wa Malam Kong laƙabin sarki da aka ɗora masa, yace a kira shi malami kawai, ya sa aka kwashe gumakansa daga ɗakunan aka maye su da allunan katako masu ɗauke da suna, rawar ma ya mayar da ita sahu shida. A 1906 kuma, da daular Qing ta ga ƙasa na zame mata, shekara ɗaya kacal bayan ta soke tsohuwar jarrabawar, sai ta ɗaga bikin zuwa mataki mafi girma. Bai hana ta faɗuwa ba a 1911.

Akwai labarin da nake so ƙwarai a nan. Wanda ya kafa daular Ming, Zhu Yuanzhang, yana karanta littafin Mengzi, wato babban magajin koyarwar Malam Kong, sai ya ci karo da inda yake cewa talakawa su ne mafi daraja, ƙasa ke biye, sarki shi ne na ƙarshe. Ransa ya ɓaci, ya sa aka fitar da allon sunan Mengzi daga ɗakin. Wani jami'i mai suna Qian Tang ya shiga ya ƙalubalance shi, yace in ya mutu saboda Mengzi ai ɗaukaka ce gare shi. Ba a daɗe ba aka mayar da allon. Amma daga baya sarkin ya sa aka fito da wani bugun littafin da aka yanke wurare 85 da ba su yi masa daɗi ba. Kunga yadda zaman yake, sarki yana buƙatar ɗakin nan don ya halatta mulkinsa, amma a cikin ɗakin akwai maganar da ta fi ƙarfinsa, kuma akwai malaman da suka yarda a kashe su a kanta.

Sai 1684, sarki Kangxi na daular Qing, wanda ba ma ɗan ƙabilar Han mai rinjaye a Chana ba ne, ɗan Manchu ne, ya zo Qufu da kansa. Ya durƙusa sau uku, ya kai goshinsa ƙasa sau tara a gaban malamin da bai taɓa riƙe ƙasa ba, ya rubuta da hannunsa cewa wannan shi ne abin koyin malamai na zamani dubu goma, rubutun yana rataye a zauren, ya kuma bar laimarsa ta sarauta a wurin. Kar ku ɗauka ban san siyasa ce ba, siyasa ce mana, yana neman zukatan malaman Han ne. Amma duk da haka gwiwarsa ta taɓa ƙasa a gaban jama'a, kuma duk wanda ya gani ya fahimci cewa akwai abinda ke sama da mai mulki. A kusa da ƙofar shiga ma akwai dutsen da aka rubuta cewa duk jami'in da ya iso nan ya sauka daga kan doki.

Zan yi sauri a ƙarni na 20 don lokaci. Bayan an kafa jamhuriya a 1912, wasu malamai irin su Kang Youwei da ɗalibinsa Chen Huanzhang suka nemi a mayar da koyarwar addinin ƙasa a rubuta a tsarin mulki, ba su samu ba. Shugaba Yuan Shikai ya yi bikin da kansa a 1914, bayan shekara guda ya nemi naɗa kansa sarki, wannan ya shafa wa bikin baƙin fenti sosai, matasa masu neman sauyi na 1919 suka ce ai kun gani, duk mai son danne mutane ta ƙofar Malam Kong yake shigowa. Gwamnatin Kuomintang, wato jam'iyyar 'yan kishin ƙasa, ta sake ɗaukarsa a 1934. Da Kwaminisanci ya ci yaƙi a 1949, jika na 77, Kong Decheng, ya bi su Chiang Kai-shek, shugaban Kuomintang ɗin, zuwa Taiwan, shi yasa har gobe mai riƙe da muƙamin hadayar na gado, wanda ya maye gurbin waccan sarautar, a Taiwan yake zaune, yanzu jika na 79 ne.

A watan Nuwamba 1966 wata 'yar jami'ar horon malamai ta Beijing mai suna Tan Houlan ta jagoranci Jajayen Dakaru, wato matasa magoya bayan shugaban Kwaminis Mao, wajen 200 zuwa Qufu. Suka jawo gunkin Malam Kong daga zauren suka zaga gari da shi suka ƙone, suka farfasa duwatsun tarihi, suka karya dutsen da ke kan kabarinsa, suka tone kaburburan jikokinsa na baya-bayan nan har da na mahaifin shi Kong Decheng ɗin. In ka je yau za ka ga duwatsun an ɗinke su da siminti da ƙarfe, tabon yana nan ɓaro-ɓaro, na sa hannuna a kan ɗaya, layin karayar ya ratsa ta tsakiyar rubutun. A 1973 zuwa 1974 kuma aka sake wani kamfen na ƙasa baki ɗaya na zagin Lin Biao, tsohon mataimakin Mao da aka ce ya ci amana, da Konfushiyas tare, yaran firamare suna rera zaginsa a aji. Waɗannan yaran fa su ne dattawan ƙasar a yau.

To ta ina ya dawo? Ta ƙofar kasuwa ya fara dawowa. A 1984 aka kafa Gidauniyar Konfushiyas ta Chana da goyon bayan gwamnati, aka sake yin gunkin, garin Qufu ya fara shirya rawar a matsayin wasan nuna al'ada ga 'yan yawon buɗe ido, musamman Sinawan ƙetare da ake so su kawo jari. Ba a ce hadaya ake ba, an ce wasa ne. A 1989 ya koma bikin al'adu na ƙasa da ƙasa, a 1994 UNESCO ta sa ɗakin da gidan sarautar da maƙabartar a jerin kayan tarihin duniya. Sai 2004, a nan ne aka tsallaka kogi, hukumar birnin Qufu ta fito ta yi bikin da sunan gwamnati karo na farko tun 1949, gidan talabijin na ƙasa ya nuna. A wannan shekarar dai aka buɗe cibiyar Konfushiyas ta farko a Seoul, irin waɗanda yanzu muke da su a Jami'ar Legas da ta Nnamdi Azikiwe a Awka, kodayake su yare suke koyarwa, sunan kawai aka ara. A 2006 aka sa bikin a jerin al'adun gado na ƙasa, daga baya manyan lardin Shandong suka karɓi ragamar.

Dalilin bai ɓuya ba. Bayan an buɗe kasuwa mutane sun daina jin ɗumin aƙidar Kwaminisanci, kuɗi ya shigo, cin hanci ya yi yawa, matasa sun tafi birni sun bar tsofaffi a ƙauye, jam'iyya tana neman wani abu da za ta ce wa mutum biliyan ɗaya da ɗoriya ga abinda ya haɗa mu. Sannan ga Taiwan, wadda ta daɗe tana cewa mu ne muka riƙe al'adar lokacin da kuke ƙona ta, su tun 1952 suka mayar da 28 ga Satumba ranar malamai. A Nuwamba 2013 Xi Jinping ya je Qufu, a Satumba 2014 ya yi jawabi a taron cika shekara 2565 da haihuwar Malam Kong a babban zauren taro na Beijing, a 2021 kuma ya fito da maganar haɗa Markisanci da kyawawan al'adun gargajiyar Chana. A Nishan, inda ake cewa nan aka haife shi, an kafa masa gunki mai tsayin mita 72.

Amma jam'iyyar ba ta saki jiki da shi gaba ɗaya ba. A Janairu 2011 aka wayi gari da gunkinsa na tagulla mai mita tara da rabi a gaban gidan tarihi na ƙasa, gefen dandalin Tiananmen, ɗan nesa kaɗan da hoton Mao. A watan Afrilu cikin dare aka ɗauke shi aka shigar da shi wani tsakar gida a ciki. Wata uku kawai ya yi a waje.

Yanzu mu koma kan rusunawar nan. Ɗan jam'iyyar Kwaminis a ƙa'ida ba shi da addini, kuma addinai biyar ne gwamnati ta amince da su, Buda, Dao, Musulunci, Katolika da Furotesta. Koyarwar Konfushiyas ba ta ciki, a rajista al'ada ce. To tsohon bikin kuwa matakinsa na farko sunansa tarbar ruhi, sai miƙa hadaya sau uku, sai raka ruhi, sai a ƙone takardar yabon da siliki ana kallo har su cinye. Jami'in da zai jagoranta sai ya yi kwanaki yana kame kansa kafin ranar. Ta yaya wanda ya yi rantsuwa babu ruhi zai tarbi ruhi? Sai aka samo mafita, masu rawa da makaɗa su yi na da ɗin a matsayin wasa, shi kuma jami'i ya kawo kwandon furanni ya rusuna daga tsaye, wanda shi ne daidai abinda ake yi a gaban dutsen tunawa da mazan jiya na juyin juya hali. Ni a ganina nan ne zuciyar maganar. An dawo da ganga da riga da gashin tsuntsu, an dawo da sahu takwas, amma wurin nan guda ɗaya da mai mulki yake kai gwiwa ƙasa ya amsa cewa akwai ma'aunin da za a auna shi da shi wanda ba shi ya ƙera ba, wannan ba a dawo da shi ba. Kuma abin yana damuna, don shi Malam Kong da bakinsa yace, ana ta cewa li, li, shin duwatsu masu daraja da siliki ake nufi? Ana ta cewa kiɗa, kiɗa, shin ƙararrawa da ganga ake nufi? Ya kuma ce in bai sa kansa a cikin hadaya ba, kamar bai yi ta ba ne.

Kar kuma in zalunci mutane, don ba gwamnati kaɗai ke cikin maganar ba. Ranar nan da motocin manya suka tafi aka buɗe ƙofa, ban bi bas ba na tsaya. Sai ga wani tsoho da jikarsa, ba gyale ba kati, ya tsaya a gaban zauren ya gyara mata tsayuwa, ya nuna mata yadda ake ɗora hannu ɗaya kan ɗaya, sannan shi ya durƙusa a kan dutsen nan da ƙyar, sai da ta kama shi ya tashi. A gefe ga allunan katako ja rututu an rataye, ɗalibai sun rubuta fatan cin jarrabawar shiga jami'a. Wannan wani farfaɗowar ne daban, daga ƙasa yake tasowa. Tun shekarun 1990 wani malami ɗan Taiwan, Wang Caigui, ya yaɗa tsarin sa yara haddar tsofaffin littattafai, iyaye da yawa suka rungume shi, wasu har suka cire 'ya'yansu daga makarantar gwamnati, kuma a 2006 hukumomin Shanghai suka ce wata irin wannan makaranta mai suna Mengmutang ta saɓa doka. Dangi suna sake gina zaurukan kakanni suna sabunta littafin salsala, gidan Kong kansu sun fitar da nasu a 2009 da suna wajen miliyan 2, karo na farko da aka sa mata. A Shenzhen wani Zhou Beichen ya buɗe wuri a 2009 inda ake ɗaura aure da yin taron mako-mako a kan tsarin Konfushiyas, amma bai samu rajistar addini ba. Malaminsa Jiang Qing, ba matar Mao ba, sunan ne ya zo ɗaya a rubutun boko, shi har tsarin mulki ya zana mai majalisa uku, ta malamai, ta jama'a, da ta gadon ƙasa wadda jikan Konfushiyas zai shugabanta. An bar shi yana rubutu a tsaunin Guizhou, amma ba wanda ya ba shi ko kujera ɗaya.

In kuna so ku ga inda igiyar take tsinkewa, ku dubi kabari. A koyarwar nan babu li da ya kai na binne iyaye da ziyartar kabarinsu, makokin iyaye shekara uku ne a littafi. Gwamnati ta mayar da ranar share kaburbura, Qingming, ranar hutu a 2008. Amma a 2012 a yankin Zhoukou na lardin Henan hukuma ta baje kaburbura sama da miliyan 2 don a samu filin noma, malaman Konfushiyas suka yi ta rubuta takardun koke, har gwamnatin tsakiya ta cire sashen dokar da ya ba da damar yin hakan da ƙarfi, kuma da sabuwar shekara ta zagayo manoma da yawa suka sake tara ƙasa a kan kaburburan iyayensu. A 2018 a Jiangxi an ga jami'ai suna ƙwace akwatunan gawa da tsofaffi suka tanada wa kansu shekara da shekaru, ana farfasawa don a tilasta ƙona gawa. Duk a shekarun da ake kai kwandon furanni Qufu.

Zan tsaya nan in ɗauki tambaya ɗaya ko biyu. Na'am Hajiya, bismillah.

(Ba a jin tambayar sosai a rikodin, amma a kan ko abin bauta ne take.)

Hajiya ta tambaya, shin wannan bauta ce ko girmamawa, kuma Musulmin Chana ya suke yi da shi. Allah ya ƙara girma Hajiya, tambayar nan ta daɗe tana raba kan mutane. Ni dai da na je kallo na yi, ban rusuna ba, kuma ba wanda ya ce min don me. Hukunci kuma na malamai ne ga su nan zaune, ni tarihin zan faɗa. Kiristoci sun yi fiye da shekara ɗari suna wannan rigimar, wasu limaman Katolika suka ce girmamawa ce ta zaman duniya, wasu suka ce bauta ce, Fafaroma ya hana a 1704 aka ƙara jaddadawa a 1742, sai a 1939 fadar ta janye hanin. Musulmi kuwa, a ƙarni na 17 da na 18 an yi malamai irin su Wang Daiyu da Liu Zhi waɗanda suka karanci littattafan Konfushiyas sosai, suka rubuta bayanin Musulunci da yaren Sin suna amfani da kalmomin nan har da ita li ɗin, suna ɗaukarsa a matsayin mai hikima da ya koyar da zaman duniya, tauhidinsu kuma suka riƙe shi daban. Kuma amsar tana canzawa da ƙasa. A Indunusiya an danne shi zamanin Suharto, Shugaba Abdurrahman Wahid, wanda shi kansa babban malamin Musulunci ne, ya ɗage takunkumin a 2000, yanzu yana cikin addinai shida da gwamnati ta sani, ana rubuta shi a katin ɗan ƙasa. A Koriya ta Kudu ana yin bikin sau biyu a shekara a Sungkyunkwan da ke Seoul, an yi masa rajistar kayan gado tun 1986.

Na'am ɗan uwa, kai na baya mai farar hula. Yace to su jikokin gidan da ke Qufu fa, suna da ta cewa? Suna nan da yawa, babban kaso na mutanen garin sunansu Kong, kuma har yau ana binne su a dajin maƙabartar nan da ke da kabari sama da 100,000. Suna da nasu bikin na dangi daban da na gwamnati, a nan ne za ka ga an durƙusa an kai goshi ƙasa an zuba giya a ƙasa yadda ake yi tun da. Shi jika na 79 ɗin ma ya tsallako daga Taiwan ya ziyarci Qufu a 2011. Amma ginin kansa yana hannun hukumar kula da kayan tarihi, tikiti ake saya a shiga, kuma ranar 28 ga Satumba jerin sunayen waɗanda za su tsaya a sahun gaba daga ofishin gwamnati yake fitowa.

An ɗaga min hannu cewa lokacin sallah ya yi. Sauran tambayoyin mu haɗu a waje bayan an idar, in sha Allah.